Tsibirin Wiski a Makon da Aka Shiga Mubi

Shekarun baya, a wani lokaci da nake ji kamar duniya ta fara yi mini murmushi, na samu tafiya karatun digiri na biyu a Scotland. Fannin sarrafa abinci na je karantawa, musamman hatsi da yadda ake adana shi. Ni ɗan Yelwa ne a cikin Mubi, kuma kafin wannan tafiya, ruwa mafi girma da idona ya taɓa gani shi ne Binuwai daga kan gadar Jimeta. Mahaifina ya daɗe da rasuwa. Ƙanwata tana aure a Yola. Mahaifiyata kaɗai na bari a gida, ita da awakinta da wata 'yar gonar gyaɗa da take nomawa a bayan Lamorde, wadda duk roƙon da muka yi mata ta ƙi bari, ga kuma ciwon gwiwa da ke damunta.

A ajinmu akwai wani Bature dogo mai jan gemu, wanda ba ya magana sai ta kama dole. Tebur ɗaya aka ba mu a ɗakin gwaji, a haka muka saba har ya zama abokina. Da aka ba da ɗan hutu a tsakiyar zango, ya ce in shirya mu je garinsu, wani tsibiri a yammacin ƙasar.

Na ce, “Me ake yi a can?”

Ya ce, “Tumaki da wiski. Sai 'yan mutane kaɗan da ke yi wa su biyun hidima.”

Na tuna masa cewa ni ba na shan giya. Ya ce ya sani, tumakin ma ba sa sha, kuma ba a taɓa jin sun yi ƙorafi ba.

Jirgin ruwan da ya ɗauke mu ya fi kowane gini da na sani a Mubi girma, har tireloli yake haɗiyewa. Na shiga da ƙafar dama, na karanta duk addu'ar da na haddace, na samu kujera na riƙe ta da hannu biyu. Kusa da ni wasu tsofaffin mata suna ta saƙa da hira kamar a tsakar gida suke. Kunyarsu ce ta sa na saki kujerar na fita waje. Hazo ne mai sanyi ta ko'ina, ba ka sanin inda ruwa ya ƙare gajimare ya soma. Can sai tsibirin ya fara fitowa a hankali, kamar wani ne ke zana shi da alli: tudu mai ruwan ƙasa, sannan wasu dogayen gine-gine farare fat a bakin ruwa, da manyan baƙaƙen haruffa a jikinsu, da rufi mai tsini kamar malafa. Abokina ya nuna su da haɓa ya ce, “Can ake dafawa.”

Mahaifiyarsa gajeruwa ce, kanta fari sol da furfura, tana zaune ita kaɗai a wani ƙauyen masunta inda gidaje ke jere a bakin teku kamar haƙora. Ta tarbe ni da hannu biyu, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce wa ɗanta wani abu da wani yare da ban taɓa ji ba. Ashe su ma suna da yarensu na gado, Turanci aro suka yi, kamar yadda muka ari Hausa a Mubi. Na tambayi abokina me ta ce. Ya ce wai rigar sanyina ta wasan yara ce. Kafin in ajiye jaka ta ɗauko mini wata rigar ulu mai kauri ta marigayi mijinta, hannayen sun wuce yatsuna. Tun kafin mu iso ta sa an nemo mata kifi, domin ta ji an ce ba kowane nama nake ci ba. Daga ranar na fara kiranta Mama, ita kuma ta amsa.

Kwanakin farko, har yanzu in na tuna su sai in ga kamar a cikin barci na yi su. Da safe mu shiga tsohuwar motar abokina mu bi wata siririyar hanya wadda mota ɗaya kawai take ɗauka. Duk direban da kuka haɗu da shi sai ya ɗaga maka yatsa, ko ya san ka ko bai san ka ba. Tumaki na kwance a tsakiyar kwalta, ba sa tashi sai sun ga dama. Lokacin ne kuma dinyoyin daji ke isowa daga ƙasashen ƙanƙara, garke-garke, su rufe sama, kukansu kamar hayaniyar kasuwa in kana jiyo ta daga nesa. Mun je wani ƙauye da ya kewaye wata 'yar tashar jiragen kamun kifi, inda wasu dabbobin ruwa masu fuska kamar ta kare ke kwance a kan duwatsu suna kallonmu. Na ce wa abokina waɗannan 'yan'uwan ayu ne. Ya ce bai san ayu ba, na ce shi ma ayun bai san ka ba. Mun ga wani coci da aka gina zagayayye kamar ɗakin jinka, wai don kada Shaiɗan ya samu lungun ɓuya. Ko'ina ka bi, iska na ɗauke da ƙamshin hayaƙi da gishiri. Hayaƙin na wata baƙar ƙasa ce da suke yankowa a fadama su shanya, tana cin wuta a hankali kamar busasshen kashin shanu.

Gidajen wiskin kuwa, na shiga na farko ina waige-waige, kamar wani daga masallacin unguwarmu zai ɓullo daga bayan ganga. Da wata 'yar yawon buɗe ido ta ɗaga kyamara, sai ga ni na laɓe a bayan abokina. Amma ɗalibin hatsi ne ni, ba a jima ba son sani ya rinjayi kunya. Na ga tukwanen jan ƙarfe masu dogon wuya kamar raƙumin dawa. Na ga ɗakuna masu duhu da sanyi inda ganguna na katako ke kwance shekara da shekaru, teku na dukan bangon daga waje. Mai yi mana bayani ta ce duk shekara wani abu daga cikin kowace ganga yakan bi iska ya tafi, suna kiransa rabon mala'iku. Na yi istigfari a zuciyata. A ƙarshe aka jera ƙananan kofuna kowa ya ɗauka, ni aka kawo mini shayi da biskit, na zauna a taga ina kallon ruwa. Ban taɓa jin natsuwa irin ta wannan yammacin ba.

Sabis ɗin waya a tsibirin sai an yi sa'a. A gidan Mama babu ko ɗigo. Wata safiya muka tsaya a farfajiyar wani gidan wiski da ke kan wani tsinin ƙasa da ya kutsa cikin teku, inda abokina ya taɓa yin aikin hutu yana saurayi, yana son ya gaisa da mutane. Ina fitowa daga mota waya ta fara rawa a aljihuna, ta ƙi tsayawa. Saƙonni ne daga ƙanwata, da tsofaffin abokan makaranta, da mutanen da na manta ina da lambarsu. Na buɗe na farko. An shiga Mubi.

Ba sabon labari ba ne cewa 'yan ta da ƙayar baya suna matsowa. Kafin in taho an riga an ci garuruwa a arewacinmu, 'yan gudun hijira sun cika unguwanni. Amma mu 'yan Mubi mun sa wa ranmu cewa garinmu ya fi ƙarfin haka. Na kira mahaifiyata. Wayar ta yi ta ƙara, ba a ɗauka ba. Na sake kira, haka. Na kira ƙanwata.

“Hamma,” ta ce, haka take kirana, “tun jiya nake nemanka.”

Muryarta ta dushe. Ta ce mutane na ta kwararowa Yola, wasu a mota, mafi yawa a ƙafa ta cikin daji. Mijinta ya tafi har Gombi yana duba fuskokin masu isowa. Maƙwabtanmu sun iso, sun ce sun buga ƙofar gidanmu kafin su gudu, ba a amsa ba, sai kukan awaki. Ba wanda ya gan ta.

Na ce wa abokina ya kai ni tashar jirgi yanzu. Bai yi musu ba, ya kai ni. Amma iska ta riga ta juya, teku ya yi baƙi ya miƙe tsaye, an rubuta a allo cewa babu jirgi sai abin da hali ya yi. Na tsaya gaban allon ina karantawa, kamar in na daɗe rubutun zai canza. Ko da akwai jirgin ma, ina zan je? Wannan tambayar ban yi wa kaina ita ba sai daga baya.

Da muka koma gida abokina ya yi wa Mama bayani da yarensu. Ba ta ce mini kada in damu ba. Ta zuba miya mai zafi ta ajiye a gabana, ta zauna ta fuskance ni, ta ce, “Mahaifiyarka za ta kai ni shekaru?”

Na ce kusan sa'arta ce.

Ta ce, “To, ta san abubuwa da yawa da kai ba ka san ta sani ba. Sha miyarka.”

Na sha, domin ba irin matar da ake yi wa gardama ba ce.

Daga nan rayuwata ta koma farfajiyar gidan wiskin nan, tunda nan kaɗai waya ke kamawa. Kowace safiya abokina ya kai ni, Mama ta cusa mini burodi da kifi a aljihun rigar mijinta. In tsaya tsakanin tulin tsofaffin ganguna da bangon da ya tare teku, in ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa. Wayar mahaifiyata ta daina ƙara, ta koma a kashe. In lokacin salla ya yi, in gangara bakin ruwa inda wani dutse ke tare iska, in shimfiɗa rigar ruwa a kan tsakuwa. Ma'aikatan wurin sun ji labari. Ba wanda ya dame ni da tambaya. In sun zo wucewa su ɗan sunkuyar da kai, wani ya ajiye mini kofin shayi a kan ganga ya wuce abinsa.

Abin mamaki, ba kuka na yi ta yi a kwanakin nan ba. Wani irin shiru ne ya lulluɓe ni, kamar ina ƙarƙashin ruwa. Sai in zuba wa teku ido har ya daina zama teku. In ga Mayo Yedzaram, kogin garinmu, da kaka, ruwa ya ja baya, mata na wanki a kan yashi. In ga tudun da ke tsallaken mashigin ya rikiɗe ya koma duwatsunmu. Wani lokaci hazo ya buɗe, in hango wata mace can nesa tana tafe a bakin ruwa tana ɗan ɗingishi, gabana ya faɗi, alhali na san teku da hamada ne a tsakaninmu.

Wata rana da hantsi ruwan sama ya zo a kwance, iska na kora shi. Wani dattijo mai hular ulu ya leƙo daga wata ƙofa ya yafito ni. Na bi shi muka hau matakala zuwa wani dogon ɗaki mai rufi ƙasa-ƙasa. Ashe wannan gidan na cikin 'yan kaɗan da har yanzu suke tsirar da hatsinsu da hannu. Daɓen gaba ɗaya shimfiɗe yake da jiƙaƙƙen sha'ir, ya fara fitar da fararen saiwoyi, wani mutum na juya shi da shebur na katako. Dattijon ya nuna mini wani buhu kusa da taga, ya ce waya na kamawa a nan ma, in zauna.

Ban kai ga zama ba ƙamshin ya same ni. Ɗumi-ɗumi, zaƙi-zaƙi, da ɗan warin ƙasa bayan ruwan farko. Na sunkuya na ɗebi 'yan ƙwayoyi na tauna. Nan take na koma yaro, ina tsugune a kan falalen dutse da kara a hannuna, ina korar kaji daga tsiron dawar kakata.

A nan sai na gaya muku abin da ba kowa ya sani ba. Mahaifiyata ba a Musulunci aka haife ta ba. 'Yar wani ƙauye ce a kan duwatsun kudancin Mubi, dab da iyakar Kamaru. Gidansu Kirista ne, ta musulunta ne kafin ta auri mahaifina. Kakata kuwa burkutu take dafawa, kuma ita ce gwanar ƙauyen. Muna yara, in aka ba da hutu akan kai mu wurinta. Ba ta taɓa bari mun kusanci tulun da ya nuna ba, takan ce, “Wannan ba na 'ya'yan Malam ba ne.” Amma gadin tsiro aikinmu ne, ladanmu kuma ta bar mu mu tauna. Da kakata ta rasu, zuwa ya ja baya. Mahaifiyata ta je Makka ta dawo Hajiya. Yayanta, wato kawuna, ya ci gaba da nomansa da cocinsa a kan dutse. Ba faɗa aka yi ba. Zumuncin ne ya yi ta ramewa har ya zama sai an yi mutuwa ake haɗuwa.

Ina tsaye da tsiro a bakina abin ya zo mini da kansa. Lokacin cirar gyaɗa ne. In da safe aka shiga gari, ba ta gida, tana gona. Shi ya sa ba ta amsa bugun ƙofa ba, wayar kuma ta bar ta a ɗaki kamar yadda ta saba. Daga gonar, Yola tafiya ce da gwiwarta ba za ta iya ba. Amma duwatsu na nan a gabanta, kuma ta san hanyoyinsu tun tana yarinya mai ɗauko itace. Mu duka a hanyar Yola muke nemanta, don can kowa ya nufa.

Na kira ƙanwata daga bakin tagar, na ce, “Kina da lambar Kawu?”

Ta ce, “Hamma, Kawu yana da waya ma kuwa?”

Na ce ta je duk inda mutanen duwatsu suka sauka a Jimeta ta yi cigiya.

Daga baya ta ba ni labarin yadda ta shiga harabar wani coci da hijabinta har ƙasa, tana bin tabarma-tabarma, tana harhaɗa 'yan kalmomin Gude, yaren kakarmu, da suka rage mata a baki tun zamanin kaka. Da farko a tsorace ake kallonta, kuma ba laifinsu ba ne. Sai wata tsohuwa ta riƙe hannunta ta ce, “Ke ba jikar mai burkutu ba ce? Ga goshinta nan.” Tsohuwar ce ta sa aka yi ta tambaya, daga wannan zuwa wancan, ko wani na da lambar wani a ƙauyen.

Cigiyar ta kai washegari. Ranar iska ta ɗan lafa, Mama ta sa takalmin ruwa ta ce yau da ita za a tafi, ta gaji da zaman gida. Da muka isa ta ce gadin ganguna ya isa haka, in raka ta saman tudun da ke bayan gidan, waya ta fi kamawa a can. Muka hau a hankali, tana riƙe da hannuna. A saman akwai kufai, 'yan ɗakunan dutse ba rufi, ciyawa ta cika su, tumaki na kiwo a ciki. Ta zauna a kan wani tsohon dokin ƙofa ta ce nan ne ƙauyen kakanninta. A wani zamani mai nisa masu ƙasar suka kore su don su zuba tumaki. Wasu suka shiga jirgi ba a ƙara ganinsu ba, wasu suka gangara bakin teku suka koyi kamun kifi. Ta ce tana yarinya kakarta takan kawo ta nan ta nuna mata inda murhunsu yake. Muka zauna muna kallon hasken rana yana yawo a kan ruwa, ya sauka nan, ya tashi ya koma can.

Yayyafi ne ya koro mu ɗakin tsiro. Muna shiga saƙon ƙanwata ya shigo: lambar wani malamin coci a ƙauyen, layin Kamaru. Na kira. Wani namiji ya ɗauka, na faɗi sunan kawuna, ya ce in jira. Na ji takunsa, na ji kukan zakara, da muryoyin mata, da haushin kare. Mutumin yana tafe da ni a hannunsa cikin ƙauyen kakata. Can wata tsohuwar murya ta ce, “Wane ne?”

Na faɗa. Kawu ya yi wata 'yar dariya ya ce, “Ɗan Malam. To, tsaya, ga shi nan.”

A Hausarmu ta Mubi ba a cika damuwa da mace ko namiji ba, don haka ban san wa zai ba ni ba sai da na ji numfashinta.

“Dada,” na ce.

“Babana. Kai ne?” Haka take kirana, don sunan surukinta aka sa mini. “Lafiya na ƙalau. Ƙafa ne kawai ya kumbura. Ka ci abinci?”

Kamar yadda na zata, tana gona ta ji harbi. Ta tsallaka mayo da fartanya a kafaɗa, ta bi sahun mutane zuwa duwatsu, ta kwana a cikin dawar wani. Da gwiwar ta ƙi, ta zauna a gindin dutse ta ce wa masu wucewa in sun isa su gaya wa yayanta. Kawu ya sauko da kansa, tsoho da shi, ya goya ta ya hau da ita, suna hutawa suna tashi. Ta ce duk hanyar faɗa yake yi mata wai ta yi nauyi, shinkafar birni ce.

Sannan ta ce, “Kai kana ina? Ina jin iska.”

Na dubi sha'ir ɗin da ke shimfiɗe a gabana. Na yi niyyar in ce ina makaranta, bakina ya ƙi.

“Dada, ina gidan giya. A nan ne kawai waya ke kamawa.”

“Ka sha?”

“Ban sha ba.”

Sai na ji dariya na taso mata, irin wadda ke farawa daga ciki.

“To, Babana, ni ma ina gidan giya. Matar kawunka ne ya gaji tukwanen. Sun share mini ɗaki ɗaya, sun ba ni buta da sabon tabarma, a nan nake salla.”

Dariyar ce ta fasa abin da ya daskare mini a ƙirji. Na zauna a kan buhu na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifina, a gaban dattijo da abokina, ina share fuska da hannun rigar da ta fi ni tsawo. Mai shebur ya juya baya ya koma can ƙarshen ɗakin ya ci gaba da aikinsa. Mama ta zare wayar daga hannuna, ta kara a kunnenta, ta yi magana da yarenta, a hankali, doguwar magana. Ina jiyo muryar mahaifiyata tana amsawa, “To. To. Use, na gode.” Ba wadda ta san abin da ɗayar ke faɗa. Daga baya na tambayi abokina me mahaifiyarsa ta ce. Ya ce ta gaya mata ina cin abinci, amma ba sosai ba, kuma kada ta damu da sanyi, an ba ni riga.

Ba a daɗe ba teku ya kwanta, jirgi ya dawo. Ranar da za mu tafi gari ya waye tangaran, kamar ba a taɓa yin iska ba. Na tsaya a bayan jirgin ina kallon fararen gine-ginen suna ƙanƙancewa, Mama na tsaye a tasha ba ta ɗaga hannu ba, tana nan dai a tsaye har hazo ya ɗauke ta.

Mahaifiyata ta zauna a kan dutse har aka karɓo garin. Ta dawo ta tarar da ƙofa a ɓalle, ba awaki, ba katifa, gyaɗar kuma ta tsira a cikin ƙasa. Mu masu sa'a ne, na san haka. Akwai waɗanda har yau ba su samu muryar da za ta amsa musu ba, ciki har da iyalin malamin da ya koya mini karatu a firamare. Da na gama karatu na dawo, tafiyar farko da na yi ita ce hawan dutsen nan. Kawu ya kama mini zakara, ya ba ni wuƙar in yanka da hannuna, ya zauna yana yi mini tambayoyi a kan tsibirin. Abin da ya fi ba shi mamaki shi ne a ce ana ajiye giya shekaru ba a sha ba. Ya ce lalle mutanen nan masu haƙuri ne, ko kuwa ba su da baƙi.

Mutane kan tambaye ni yaya Scotland take, sai in rasa abin faɗa. Birnin da na yi karatu na manta rabin titunansa. Tsibirin kuwa ban tabbata ko yadda nake tuna shi haka yake ba. Wani lokaci ina tuƙi a hanyar Digil da yamma sai in ga fararen gidaje a jere a bakin wani ruwa da babu shi. Abin da na san na koyo shi ne, ranar da ƙasa ta tsage ba kai ke zaɓen hannun da zai riƙe ka ba, kuma sau da yawa daga inda ka daina dubawa yake fitowa. Har gobe ban san ɗanɗanon wiski ba, ba na kuma fatan sani. Amma mutanen da suka yi ta ajiye mini shayi a kan ganga, ina tuna su a lokutan da ba su zata ba.

Bara waccan abokina ya aiko mini cewa Mama ta rasu. Na je na gaya wa mahaifiyata, ina tsammanin za ta ce Allah sarki a wuce wurin. Sai ta dogara sandarta ta miƙe, ta sa aka share tsakar gida aka shimfiɗa tabarmi, ta aika a gaya wa maƙwabta an yi mata rasuwa. Matan unguwa suka yi ta shigowa suna zama, suna ba ta haƙuri. Wata ta matso ta tambaye ta a hankali, “Hajiya, wace ce ta rasu? Ta ƙauye ce?”

Mahaifiyata ta gyara mayafinta ta ce, “'Yar'uwana ne. A tsakiyar ruwa yake zama. Shi ya riƙe mini yaro lokacin gudu.”